Ɗarin da Ba Ta Cika Ba

Ni na kawo shi shagon, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sa'ana ne, tare muka yi firamare. Ya zo Azare daga Hardawa ba aikin fari bare na baƙi, na roƙi maigidanmu ya ba shi kujera a kusurwa, kusa da injin bugawa. A lokacin ni ne mai babbar kwamfuta. Katin biki, kalanda, tambarin buhu, duk ta hannuna suke bi. Ko wata shida bai yi ba, masu kawo aiki suka fara wuce ni suna nufar kusurwa. Ina yi musu murmushin yaƙe. Kishi ne, ba sai na sa masa wani suna ba.

Mutum ɗaya ya rage mini, wani Alhaji mai shinkafa daga Shira. Da ya shigo zai ce, "Ina mutumina?" Ni ke nan. Na riƙe kalmar nan hannu bibbiyu.

Wata rana ya kawo hoton tsohon tambarinsa a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, ganyen shinkafa kore mai haske, yana so a sake zana shi da girma don sababbin buhuna.

"Koren nan dai nake so, Malam," in ji shi. "Da shi mata suke gane kayana a kasuwa."

Na taɓa ɗigo ɗaya a jikin ganyen don in karanta launinsa. Kwamfuta ta ba ni lambobi huɗu: na ja, na kore, na shuɗi, sai na huɗun da ake kira alfa, mai nuna kaurin launi, ko ya rufe abin da ke bayansa ko ana hango shi. Na ga ɗari. Na ce shi ke nan, ɗari bisa ɗari, launi a cike yake. Na kwashi lambobi ukun na shafa wa sabon ganye. Na ga ya fi na Alhaji duhu, amma na ce lamba ba ta ƙarya.

Abokin nawa ya zo wucewa da kofin shayi, ya tsaya a bayana.

"Ɗan'uwa, wannan ɗarin fa…"

"Kafin ka san hanyar Azare nake wannan aikin," na ce masa.

Ya koma kujerarsa.

Buhunan suka fito kore kamar miyar kuka. Alhaji ya ɗaga ɗaya, ya juya shi, ya ajiye. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Bayan Alhaji ya fita waje alwala, abokina ya matso ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Ma'auni biyu ne. Ma'aunin kaurin launi da na saba ja da hannu a ɗari yake cika. Alfa kuwa sai ɗari biyu da hamsin da biyar. Ɗarin da na gani ko kashi arba'in ba ta kai ba. Koren Alhaji mai duhu ne tun asali, tsinka shi aka yi kamar kunu, farin buhu yana leƙowa ta cikinsa. Ni kuwa na dama shi da kauri.

Na gane tun kafin ya rufe baki, na kuma ji haushin ganewar.

Da Alhaji ya dawo, abokina ya riga ni magana. Ya ce shi ya kamata ya duba aikin kafin a buga, bai duba ba, a yi haƙuri. Ya gyara tambarin nan take, a kan kwamfutata, ina tsaye. Ya rufa mini asiri, ni kuma da ya tona da na samu dalilin riƙe shi a zuciya.

Bayan girbi Alhaji ya sake zuwa da sabon aiki. Ya gaishe ni sosai, ya tambayi iyali. Na riga na miƙa hannu zan karɓi filas ɗin sai na ga ba ni yake kallo ba.

"Ina mutumina?" ya ce, yana leƙa kusurwa.

Ni na nuna masa shi.