Rijiyar da ta kai mu ƙauye zaɓe

Har yau in na zauna ina mamakin yadda gidanmu ya kwana a Gure ya tashi a ƙauye, alhali ko katangarsa ba ta motsa ba.

Gab da zaɓen da aka yi a farkon shekarun saba'in ne kumandan, mai mulkin yankin, ya ce gari ya yi ƙiba, a buɗe masa riga. Gidajen da suka tsiro a gefe, tsakanin tudun rairayi da kwarin dabino, za a shigar da su hannun mai unguwa. To, ina za a ja iyaka a kan rairayi? Ka kafa turke da safe, kafin azahar iska ta gaje shi. Sai dattawa suka kawo dabarar da suka sani: mutum na rijiyar da yake sha ne. Aka turo gardi, dogarin kumandan, yana bi gida-gida da tambaya ɗaya tak.

Maƙwabtanmu duka suka ce rijiyar gari. Babana kuwa ruwanta bai taɓa shiga bakinsa ba. Ya ce kanwarta ta isa ta dafa waken duniya. Jakinmu kullum kwari yake gangarawa, rijiyar da ke hannun bulaman wani ƙauye can hanyar Gidigir. Haka ya faɗa wa gardi, har da bugun ƙirji.

Shi ke nan, gari ya zagaye mu ta gabas da yamma, ya tsallake mu kamar an tsallake kashin kaza. Akwatin zaɓen maƙwabta yana lakwal, makarantar nan inda muke jin tarin malami. Namu yana wajen bulama, tafiyar da raƙumi ma sai ya yi wasiyya.

Tafiyar ba ta dami Baba ba. Abin da ya hana shi cin tuwo shi ne maƙwabcinmu, wani Bafulatani da ya ajiye sandar kiwo bara-bara, shi kuwa Baba Babarbare ne da kakansa ya ga kafuwar garin. Kullum sai Bafulatanin ya leƙo ta katanga.

"Kaɗo, yaya mutanen ƙauye? In ka shigo birni ka nemi gidana, zan nuna maka mota."

Inna ta ce a je a ce wa mai unguwa mun sauya rijiya. Baba ya ɗanɗana ruwan garin sau ɗaya, ya yamutsa fuska har kunnensa ya motsa, ya ce a bar shi da ƙauyancinsa.

Ranar zaɓe muka hau jakuna, ni da shi, lokacin ina sabon ango. A hanya muka yi ta tsintar irinmu: gida ɗaya bayan kasuwa, biyu kusa da mahauta, wata tsohuwa daga tsakiyar gari. Na yi ta tunanin wace irin mazaɓa ce wannan, a warwatse kamar geron da kaza ta barbaza. Kuma duk wahalar nan takarda ɗaya ce za a jefa, don ɗan takarar ma ɗaya ne.

Da muka isa, bulama ya miƙe tsaye, ya ce a ba mutanen birni hanya. Aka shimfiɗa wa Baba buzu kusa da akwati, aka ce shi zai fara jefawa, tunda ya san yadda ake yi a gari. Bai taɓa sani ba. Amma ya gyara rawani, ya ɗaga takardar sama kowa ya gani, ya shiga koya wa jama'a.