Gindin Kwalba Na Dattijo Ne

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ranar da muka je neman auren matata a garin Laurel, can ƙasar Turawa, ba za ta fita daga raina ba. A tsakiyar shekarun 1980 ne, ina karatun injiniya, na ga baturiya na ce ita nake so. Ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba, ya taso takanas daga Filato domin ya nema mini ita.

Uban yarinyar mutum ne mai taurin kai, kuma bai taɓa sakar mini fuska ba. Abu ɗaya yake taƙama da shi, wata baƙar giya irin ta Beljiyam da yake haɗawa da hannunsa a ɗakin ƙasa. 'Yarsa ta riga ta gargaɗe ni cewa wanda ya raina giyar nan ya gama yawo.

Da muka zauna, uban ya ɗauko kwalba ya tsiyaya wa Baba a hankali, baƙa wuluk, kumfa na tashi. Sai ya rage kaurin da ya kwanta a gindi, ya ajiye kwalbar gefe. Baba ya dubi kofin, ya harɗe hannuwa.

"Yaro, tashi mu tafi," ya ce da ni da Hausa. "Mutumin nan bai ɗauke ni dattijo ba."

A wurinmu kaurin ƙasan tukunyar burkutu rabon manya ne, hana dattijo shi kuwa cin fuska ne. Uban yarinyar ya fara haɗe rai, yana zaton giyarsa aka ƙi. Na ga aure yana shirin sulluɓe mini, sai na ce ai ba a fafe gora ranar tafiya, amma yau dole. Na miƙe na bayyana masa al'adarmu tiryan-tiryan, ban rage komai ba.

Sai mutumin ya tuntsire da dariya. Ashe shi ma kaurin nan yake shanyewa a ɓoye, don baƙinsa ƙyamarsa suke yi. Ya juye wa Baba shi duka.

Baba ya shinshina, ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya lumshe ido.

"Gaya masa tana da ƙamshin gasasshen dabino, ɗacinta kuma bai wuce gona da iri ba. Amma munafuka ce, tana shiga da zaƙi ta kama gwiwa daga baya. Burkutun gida ta fi ta gaskiya."

Na fassara har da munafukar. Mutumin ya bugi tebur ya ce tunda yake ba a taɓa yi wa giyarsa adalci haka ba. Kafin su kai ƙarshen kwalba ta biyu ya ba ni 'yarsa.

Abin da na koya shi ne, kada ka ji kunyar bayyana al'adarka a gidan wani. Da na ja bakina na yi shiru, da tuni wani ne ke kiran baturen nan suruki.