Wutar da Aka Kashe da Madara

Kakarmu, da muke kira Sitti, takan hura gawayi a kasko a saman rufin gidanmu bayan magariba, ta ɗora shayi, jikoki su zagaye ta. Ni ina can gefe jikin tankin ruwa, ina kallon tabon ƙuna a bayan hannunta.

Labarin da ta fi maimaitawa na wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Sikotland. Ta ji shi daga wata Baturiya da ta daɗe tana yi wa girki a unguwar Abhur. Sunan ƙauyen ya gagari harshenta, sai ta ce Rugar Madam.

"Gidajen dutse ne 'yan kaɗan a gindin tsauni, ga sanyi kamar firiza," in ji ta. "Ba itace. Baƙar ƙasa suke yankawa kamar tubali, su shanya, su hura. Kuma wutar gida ba ta mutuwa. A rufe ta da toka, da safe a tone. Wadda kaka ta kunna, da ita jika ke girki."

Sai mai ƙasar ya ga tumaki sun fi mutane riba. Ya turo yaransa suka watso kaya waje, suka ɗauki madarar da matan suka tatsa da safe, suka sheƙa a murhu.

"Sitti, ba ruwa ne a garin?" in ji yayata Maryam.

"Ke dai bakinki ba ya gajiya. Ruwa sai an je rafi. Madara na kusa, kuma ta yara ce. Halas, ya isa haka, miƙo kofinki."

Na lura a nan take tsayawa kullum. Ina so in tambayi inda mutanen ƙauyen suka tafi, kunya ta hana ni.

Ina shiga sakandare aka shafa jan fenti a bangonmu, alamar rusau. A lungun nan aka haifi Sitti. Dangi suka warwatse, mu muka kama ɗaki biyu a unguwar Sharafiyya, mai gidan ya hana hura gawayi. Ba ta ƙara ba mu labari ba har ta rasu.

Da ina tsammanin tausayin Turawan nan take ji. Yanzu na gane shirya mu take yi, kuma shirin bai rage komai ba.

Na ga hotunan irin ƙauyukan a waya: bango ba rufi, da allo mai bayanin waɗanda suka zauna, baƙi na ɗaukar hoto. Ranar Juma'a Baba ya bi da mu ta tsohuwar unguwarmu. Fili ne fetal. Maryam ta ce in nuna mata inda ƙofarmu take, na kasa.