Rabin Ƙwayoyin Baba Illo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, huɗu ga watan Fabrairu, Allah Ya karɓi ran Malam Illo Maigandi a gidansa da ke Runjin Sambo, bayan doguwar jinyar ciwon zuciya.

Baba Illo, shekara tara na yi ina aiki ƙarƙashinka a ɗakin ba da magani na asibiti. Ka san halin inshorar lafiya ciki da bai: likita ya rubuta, amma ba a ba da magani mai tsada sai kamfanin da ke tsakani ya turo lambar amincewa. Kai ke zama da waya a kunne, kana lallashin mutanen da ba ka taɓa gani ba, saboda tsohuwar da ta taso daga Unguwar Rogo. Har tsokanarka muke yi, wai kunnenka na dama ya fi na hagu faɗi.

Abu ɗaya ke ɓata maka rai, ka ji majinyaci na raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Na tuna ranar da ka tsare wata dattijuwa ka ce, "Inna, kak ki sake raba ta, don Allah. Lambarki tana tahe."

Da ka yi ritaya ciwo ya kama ka, aka ce sabon maganinka ba ya cikin jerin da aka amince. Na kira kamfanin, na rubuta wa ofishin jiha da ke sa musu ido, aka ce ana dubawa. Wata uku. Duk sanda na gaishe ka sai ka ce, "Lahiya lau, ɗiyata, ina sha." Na yarda, don ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba.

Ranar sadakar uku matarka Inna Adawiyya ta miƙo mini wani gwangwani da ta gani ƙarƙashin matashinka. Reza ce a ciki, da rabin ƙwayoyi. Ashe kwalin maganin da ka iya saya da kanka ke nan kake rabawa don ya daɗe. A yammacin nan saƙo ya shigo wayarka: an amince.

Ban san wa zan kama ba, Baba. Gobe zan koma aiki in ɗauki wayar neman lambar nan, ba ni da wata dabara.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa jinyarka ta zama kaffara. Inna Adawiyya da 'ya'yan Baba, Gazali da Sadiyatu, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.

Nafisa Yari, Sakkwato