Goggo da Feshin Lambun Lemo

Goggona, yayar babanmu, ba ta da ɗa ba ta da jika, sai ƙudan zuma. Amyoyinta na jere a bayan gida, jikin shingen lambun lemon Baba. Mace ce mai faɗan tsiya, ko kaza ta ratsa tsakar gidanta sai ta sha zagi, amma in ta isa gaban amya muryarta sai ta yi laushi kamar mai lallashin jariri. Da zumar nan ta raini Baba bayan rasuwar iyayensu, har ta saya masa filin lambun.

Shekara da shekaru Baba na feshin guba, kuma ko ƙuda ɗaya bai taɓa mutuwa ba. Ana gobe feshi zai leƙo ta shinge ya ce, "Yaya, gobe ne." Ita kuma ta jiƙa buhuna ta lulluɓe amyoyin, tana mita, har warin ya wuce.

Ana nan sai mai shagon kayan gona ya kawo sabon magani. Ya ce ba guba ba ne, wata fumfuna ce mai rai, ta kama ƙwaro ta cinye shi. Goggo da kanta ta matsa wa Baba ya saya, tana murna ƙudanta sun huta. Tun daga nan Baba bai ƙara leƙowa ba, mu kuma muka ɗauka ya bar feshin sai fure ya zube.

Lemo na cikin fure ƙudan suka fara zuba. Da safe sai ta tarar da su a bakin amya, sun sandare, wasu sun yi fari fat kamar an birkiɗa su a gari. Goggo ta ce annoba ce, kuma sakacinta ne. Ta daina cin abinci. Daga ƙarshe ta yanke shawarar ƙone amyoyin da suka kamu don ta tsirar da sauran. Baba ne ya kawo kananzir, shi ya taya ta tara su, shi ya ƙyasta mata ashanar. Ina tsaye ina jin daɗin ina da uba mai zumunci.

Ranar da na raka Goggo shagon kayan gonar sayen sababbin buhuna, mai shagon ya tare mu da fara'a.

"Goggo, kin dai rufe amyoyinki ko? Na ja wa ƙanenki kunne, kada ya fesa a kan fure sai ya gaya miki."

"Yaushe ya yi feshin?" in ji Goggo.

"Ai tun farkon fure yake zuwa sayen ƙarin maganin."

Na zaci za ta tara wa Baba unguwa. Ba ta yi ba. Ta same shi a lambu ta ce, "Lokacin da ka ƙyasta min ashana, ka sani?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Yaya, ƙwarin ne suka yi yawa. Da na faɗa, cewa za ki yi in dakata."

Ni dai har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, uba ne ko ba uba ba. Goggo kuwa tana gaishe shi kamar kullum. Amyoyin da suka rage ne ta ɗauke, ta kai can gonar wani mutum da ba dangin iya ba na baba, wanda har gobe guba yake fesawa. Na ce, "Haba Goggo, wajen mai guba?"

Ta gyara ɗaurin buhunta ta ce, "Shi yana faɗa min."