Ruwan Bakolori a Ɗakin Baba Labbo

Ni ne wawan da ya je har bakin kanal ya kira ma'aikacin ruwa ya zo ya duba ɗakin kakana. Duk gidanmu na Talata Mafara an san abin da ake ciki, har akuya ta sani, sai ni kaɗai.

Ku da kuka san Baba Labbo kun san tabarmarsa. Kullum da safe, kafin ya kurɓi kunu, sai ya jawo ta ya shanya a kan danga, ya nuna wajen Maradun da sanda:

"Kun gani ko? Bakolori ta! Ta haɗiye gonata, yanzu ta biyo ni hal ɗaki."

Wai ruwan dam ɗin Bakolori ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya tsallake gari kaf, ya ɓullo daidai shimfiɗarsa. Matarsa, Inna Hajo, sai ta ce, "Allah shi sawwaƙe, Malam," ta kwashe mayafin ta nufi wanki. Ni kuwa na hau maganar na zauna.

Na iso da ma'aikacin, da hular kwano da takalmin roba har gwiwa. Ya shiga ɗakin, ya ja numfashi ɗaya, ya fito kamar an koro shi. Baba na zaune bakin ƙofa yana jan carbi. Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce:

"Gaskiya ta, Baba. Ruwanmu na. A yi haƙuri."

Baba ya miƙe kamar an naɗa masa rawani. "Kun jiya? Hukuma ta amsa laihinta!"

A zaure mutumin ya murɗe mini kunne har na hango Sakkwato. "Yaro, wanga ruwa ba mu ka buɗe shi ba. Fitsarin kwance na. In ka kai zancen waje, kanal zan jefa ka."

Daga ranar na shiga sahun masu cewa Allah shi sawwaƙe.

Baba ba ya kwanan waje, ko da aure ake ko mutuwa. Sau ɗaya mota ta mace mana a Bakura, dole muka sauka gidan abokinsa Malam Ummaru. Da gari ya waye, mai gida ya tsaya yana kallon tabarma.

"Labbo, ɗakin ga bai taɓa tsattsafo ba."

"Ruwa ya san mai shi. Gonata na ciki, ita ka nemana."

"Har Bakura?"

"Kai ka gode Allah! Wasu layi suka bi kahin a ba su ruwa, kai an kawo maka hal gida."

Malam Ummaru ya yi dariya har ya zauna ƙasa, sannan ya naɗe tabarmar da kansa ya ce tsarabar baƙo ce.

Sai ranar da ƙanena Sani ya jiƙa katifa. Yaran unguwa suka kamo ƙaton kwaɗo za su ɗaura masa a ƙugu su zaga da shi gari, kamar yadda ake yi. Sani na ihu. Wallahi ban taɓa ganin tsoho ya yi irin wannan gudun ba! Baba ya tarwatsa su da sanda, ya saɓa yaron a kafaɗa.

"Wa ya ce shi na? Bakolori ta! Jikana na, gadon gonar ya ci."

Ya share masa hawaye, suka shanya shimfiɗunsu a danga ɗaya.

Mahaifina ya roƙi Baba Labbo ya je asibiti har ya gaji. Amsa ɗaya ce: "A kai dam ɗin, ni lahiyata lau." Kunyar cire wando gaban likita ta fi masa ciwon. Sai da fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya, mara ta kumbura, sannan ya yarda. Likita ya ce ciwon mafitsara ne irin na tsofaffin maza, da an zo da wuri da an yi masa magani.

Allah ya jiƙan Baba Labbo, ya rufa masa asiri can kamar yadda ya rufa wa Sani a nan, ya shayar da shi ruwan Alkausara.

Ya rasu farkon damina. Dam na nan cike maƙil. Ɗakin bai sake jiƙewa ba.