Bindiga ko Kwaɗo

Ranar da Baba ya dawo gidanmu na unguwar Tayuri, ya ce Hajji ya aike shi sayen bindiga, Inna ta saki ludayi cikin miya. Ni kuwa har na fara lissafa 'yan ajinmu da zan fara tsoratarwa.

Hajji shi ne tsohon Balaraben da Baba ke tsare wa kanti a cikin garin Sabha na ƙasar Libya tun kafin a haife ni. Bindigar kuma ba ta harsashi ba ce. Na'ura ce da ake nuna wa 'yan layukan nan baƙaƙe na jikin kaya, ta yi ƙara, farashi ya fito a allo. Larabawa na ce mata musaddas saboda siffarta, Baba kuma ya kwaso kalmar ya zube mana a tsakar gida babu bayani.

Lokacin kuɗin mai ne, kaya na kwararowa gari kamar fara. Kowane mako sabon biskit, sabon sabulu, cakulan kala dubu bakwai, ni na ƙirga, kada a yi min musu. Da can Baba ya san farashin komai da ka. Ko a duhu ka miƙa masa gwangwani, zai auna shi a tafin hannu ya ce tumatir ne, ƙarami. Amma kan mutum ba sito ba ne. Ɗan Hajji ya dawo daga Tarabulus ya ce ko a kawo na'ura, ko a kawo saurayi mai kaifin ido ya zauna a wurin karɓar kuɗi. Hajji ya ce wa Baba, tunda kai za ka riƙe ta, je ka zaɓo da kanka.

"Uwata, sa mayafinki ki raka ni," in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Ke kika iya larabcin takarda."

Muka shiga ƙaramar bas. Duk hanya sai murza gwangwanin kifin da ya ɗauko don gwaji yake yi.

Mai shagon na'urori wani matashi ne mai ƙamshin turaren da zai iya tayar da sumamme. Ya jera mana uku. Bindiga mai igiya. Bindiga marar igiya, wadda ya rantse za ta karanta kaya daga nan har garin Tamanhint. Sai wata ƙatuwa da ke zaune daram a kan tebur, da faffaɗan gilashi, kamar kwaɗon da ya ƙoshi.

Baba ya ɗauki bindigar ya matsa. Jan layin haske ya sauka a kan rigar mai shagon. Ya sake matsawa, ya sauka a kofin shayi. Na uku a goshina.

"Baba, nawa ne kuɗina?" na ce, ina dariya har da riƙe ciki.

Bai yi dariya ba. Ya kai gwangwanin daf da hancinsa, yana juya shi, yana shafa takardar da babban yatsa kamar layukan za su taso ya ji su. Suna nan a gabansa ƙiri-ƙiri, bai gan su ba.

Nan take na daina dariya. Na tuna gishirin da ya zuba a shayi muka yi mako muna tsokanarsa. Na tuna yadda ya daina duba waya, sai ya miƙo min ya ce hannunsa da maiƙo. Ashe ba larabcina ya sa ya taho da ni ba.

Mai shagon ya fara kallonsa, irin kallon nan na wanda ya kusa ganewa. Sai na fizge bindigar.

"Wallahi ba za mu saya ba! Ya ustaz, so kake a tsayar da babana a shingen 'yan sanda, a ce me ke cikin leda, ya ce musaddas? Sai dai mu riƙa kai masa tuwo kurkuku har in yi jikoki!"

Mai shagon ya tuntsire da dariya, ya manta da Baba.

"Gwada kwaɗon, Baba. Shi ba ya son saiti, wucewa kawai ake yi."

Ya wuce da gwangwanin ta gaban gilashin a karkace, kai a ƙasa. Tit! Ya sake, ta ɗaya gefen. Tit! Na sa mai shagon ya ƙara girman lambobin allon, ina cewa ƙara, ƙara, har kowace ta kai kan raƙumi. Baba ya ɗan runtse ido, ya karanta su daidai, da ƙarfi, sau biyu.

A bas ya ce, "Uwata, bakinki ya yi yawa."

"Gado na yi."

Can ya ce, "Kada ki gaya wa innarki tukuna."

"Sai in za ka je a duba idon."

"Ji min 'ya. To, na ji."

Da aka kafa kwaɗon a kanti, ina wurin Hajji ya zo dogare da sandarsa. Ya tsaya yana kallon Baba na wuce da shinkafa, da mai, da madara, tit, tit, tit, hannunsa na gudu kamar na mai ɗinkin hula. Ya kalli manyan lambobin nan, ya kalle ni, ya daɗe. Sai ya ce da hausarsa ta kasuwa, "Kwaɗo mai kyau. Ni ma ido ya tsufa. Saurayi babu, kai zauna."

Da ya fita na sunkuya na kai goshina gaban gilashin. Shiru.

"Kin gani?" in ji Baba. "Ko kwaɗo ya ƙi ki."

Amma ya zaro cakulan ɗaya daga cikin dubu bakwai ɗin nan, ya wuce da shi, tit, ya cusa min a hannu.